Yadda Ake Tonon Tudun Kushewar Mutanen Dā, Mataki-Mataki

Tambayar yadda ake tonon tudun kushewa ta fi zuwa daga mutum iri biyu. Akwai ɗaliban tarihi da ke son sanin abin da ake yi a fili da hannu. Akwai kuma masu filaye a bakin gari, inda birnin Kano ke cin gonaki kullum, waɗanda gireda ko masu haƙar ƙasar bulo suka taɓa musu wani tudu, sai ga tsingaro da ƙasusuwa. Dukansu abu ɗaya suke son ji: daga ina ake farawa, me ke bin me, kuma ina kuɗin ke tafiya. Kafin mu shiga, riƙe wannan, don kowane mataki a kansa ya ginu: tudu sau ɗaya ake tone shi. Ƙasar da ka kwashe ba za ta koma yadda take ba, saboda haka duk abin da ba ka auna ka rubuta ba kafin ka ɗaga shi, ya tafi ke nan.

1. Tabbatar da irin tudun

Ba kowane tudu ne kushewa ba. A ƙasar Kano abin da ya fi ruɗar mutane shi ne tsohon suri, tsohon juji, ƙasar da aka tara lokacin haƙar kududdufi, ragowar ganuwar wani gari, da kufai.

Kufai yana tona kansa da kansa: tsingaro ko'ina, toka, dutsen niƙa, ƙashin dabbobi. Irin wannan tudu a hankali yake tashi, gida kan gida, kamar na Daima a Borno da Bature mai binciken kayan tarihi Graham Connah ya tona a 1965 da 1966, mai tsayin sama da mita 10. Idan kuwa kashin maƙera ka gani da fasassun bututun yumɓu, wurin narka tama ne, irin wanda aka samu a gindin Dala aka kuma gano ya kai ƙarni na 7. Tudun kushewa daban yake. Da gangan aka tara ƙasarsa, yawanci a lokaci ɗaya, shi ya sa yake zuwa a kewaye tsaf, tarkacen gida kaɗan ne a jikinsa, kuma sau da yawa ba ya zama shi kaɗai. Na Durbi Takusheyi a ƙaramar hukumar Mani ta jihar Katsina, waɗanda za mu riƙa komawa gare su, rukuni ne guda.

Zagaya shi da ƙafa, ɗauki hoto ta kusurwa huɗu, ɗauki lambobin wurin da GPS na wayarka, duba shi ta sama a Google Earth. Sannan ka zauna da dattawan wurin. Me ake kiran tudun? Ana noma shi, ko ana kauce masa? An taɓa binne wani a can a sanin kakanninsu?

Gargaɗi: kada ka haƙa "ramin gwaji" a tsakiyar tudun don ka leƙa. Nan ne daidai inda gawar ta fi kasancewa, kuma dagi ɗaya ya isa ya fasa ƙoƙon kai.

2. Izini, na takarda da na mutane

Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wato NCMM, ta hana kowa tono don neman kayan tarihi sai da takardar izinin hukumar, tare da amincewar gwamnatin jihar da za a yi aikin. Wanda ya ci karo da irin waɗannan kaya ba da niyya ba, dokar ta ba shi kwana bakwai ya kai rahoto. A Kano, ƙofofin da za ka fara ƙwanƙwasawa biyu ne: Gidan Makama, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha a Gidan Ɗan Hausa.

Mai fili, aikinka a nan ya tsaya: dakatar da leburori, rufe wurin da tamfol, kai rahoto. Izinin tono na wanda ya karanci akiyoloji ne, wato ilimin binciken tarihi ta hanyar tono, mai tsarin aiki a rubuce, mai kuɗin kammalawa. Ɗalibi kuma ya nemi shiga ƙarƙashin irin wannan jagora. Sashen akiyoloji na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya nan kusa yake.

Takardar Abuja ba ta isa ta kare ka a ƙauye ba. Bi ta hannun mai unguwa, shi ya kai ka ga dagaci, dagaci ya kai ka ga hakimi. Je ka gaida liman. Yi magana da mai gonar a gaban shaidu, ku daidaita diyyar abin da za a taka. Ka kuma sanar da ofishin 'yan sanda na yankin a rubuce. Baƙi da shebur a kan kabari, a zamanin da ake jin labarin masu satar sassan gawa, ba sai na faɗa maka abin da zai iya biyo baya ba.

A wannan zaman ne za a yanke abin da za a yi da ƙasusuwan bayan bincike: ajiya a gidan tarihi, ko mayar da su ƙasa, kuma wa zai jagoranta. A rubuta, a sa hannu. A kuma amince cewa idan kabarin Musulmi ya bayyana, tono ya tsaya nan take. Alamarsa a nan sananniya ce: rami siriri, mamaci a kan gefen dama, kai kudu, fuska gabas, ba kaya tare da shi.

3. Lokaci, mutane, kaya da kuɗi

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. An cire amfanin gona, ƙasa ba ta gama ƙeƙashewa ba, rana kuma da sauƙi. Da damina bangon rami zubewa yake, da bazara kuwa ƙashi na tsagewa cikin sa'o'i kaɗan da buɗe shi.

Mutanen da ba makawa: jagora, mai awo ko safiyo, mai zane da hoto, mai rajistar kaya, wanda ya san ƙashin ɗan Adam, mai gyaran kayan tarihi ko da ta waya za a same shi, leburori daga cikin garin, da mai gadi na dare. Ɗaukar leburori daga garin dabara ce: su ne za su gaya wa jama'a abin da ake yi da abin da ba a yi ba.

Yawancin kayan aiki a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari za ka haɗa su: diga, shebur, fartanya, baro, kwanon sarki, bokitai, cokalin magina ƙarami mai tsini, burushin fenti manya da ƙanana, igiya fara, turakun rodi, dogayen ƙusoshi, tef na mita 30 da na mita 5, filam, tamfol, famfon feshi na manoma wanda bai taɓa ɗaukar magani ba, ledoji masu zif, ambulan na takarda, alƙalamin da ba ya gogewa. Kafinta zai haɗa maka rariyar waya biyu, mai ido milimita 5 da mai ido milimita 2. Tsinken gora da cokulan roba na aikin ƙashi. Na'urar lebur ta safiyo haya ake ɗauka. Littafin launin ƙasa na Munsell sai aro daga jami'a.

Farashi na canzawa kowane wata, don haka tsarin kasafin ya fi lissafin amfani. Ladan lebura, bi abin da ake biyan leburan gini a yankin a ranar. Mota, ruwa, abinci da gadi su ne ke cin kuɗin fili a ɓoye. Abin da ke karya mutane yana zuwa ne bayan an bar fili: gwajin shekaru da dala ake biyansa, ɗaruruwan daloli kan kowane samfur, ga gyaran kayan ƙarfe, ga zane, ga buga rahoto. A ganina, wanda bai ware aƙalla rabin kuɗinsa don wannan ba, bai shirya taɓa tudun ba.

4. Share wuri da awo

A yanke ciyawa da lauje, kada a tuge, don saiwa na fitowa da kaya. Kafa turken awo guda a wajen tudun, ka zuba masa siminti. Duk zurfin da za ka rubuta har ƙarshen aiki daga kansa za a auna. Ja layi daga arewa zuwa kudu, wani daga gabas zuwa yamma, su haɗu a ƙololuwar tudun. Don kusurwa ta miƙe, yi amfani da awon magina na 3, 4, 5. Murabba'in mita ɗaya kuwa, daga kusurwa zuwa kusurwa ya ba ka mita 1.41, in bai ba ka ba, sake bugawa.

Auna tsayin ƙasa a kowace mita, ka zana taswirar tudun yadda yake kafin a taɓa shi. Tsince abin da ke sama murabba'i-murabba'i, kowanne da ledarsa.

Gargaɗi: zaɓi wurin zuba ƙasa nesa da tudun, ta yamma ko kudu maso yamma. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kuma ƙurar rariya ba ta da daɗi a cikin ramin da ka share don hoto. Kada ka tara ƙasa a gindin tudun, don sau da yawa a nan ramin da aka ɗebo ƙasar ginin yake.

5. Raba tudun gida huɗu

Ɗauka malmalar tuwo ce aka gitta mata wuƙa sau biyu. Layukanka biyu sun ba ka ɓangare huɗu. Tsakanin ɓangarorin za ka bar bango mai faɗin rabin mita zuwa mita ɗaya ba a taɓa ba. Wannan bangon shi ne shaidarka: a fuskarsa za ka karanta yadda aka tara tudun, daga sama har ƙasa. Fara da ɓangarori biyu masu kallon juna ta kusurwa, misali arewa maso gabas da kudu maso yamma. Da su kaɗai za ka sami cikakken yankan tudun ta fuska biyu, kuma in kuɗi suka yanke, rabi na nan lafiya ga na baya.

6. Sauka a hankali

Nan ne aikin ya fi tsawo, nan ne kuma aka fi ɓata shi. Ƙa'idar ita ce a cire na ƙarshen zuwa da farko. Ana bin shimfiɗar ƙasa ne yadda take, a kwashe ta gaba ɗaya kafin a shiga ta ƙarƙashinta. Ana gane sauyin shimfiɗa da launi, da tauri, da abin da ke ciki: ja ta koma toka-toka, yashi ya koma laka, cokali ya fara ƙara daban. In ƙasar ta zama iri ɗaya ba bambanci, sai a sauka santimita 10-10 a miƙe. Diga na saman tudu ne kawai, inda aka tabbatar ƙasar cika ce. Da an ga wani sauyi, a ajiye ta a ɗauki cokali.

Ƙasar Kano da rani duk kala ɗaya take zama a ido. Fesa mata ruwa sama-sama, ka kankare da gefen cokali, launuka za su fito. Aikin karanta ƙasa da ɗaukar hoto da sassafe ya fi, kafin rana ta wanke komai.

Kowace shimfiɗa, kowane rami, kowace cikar rami, lambarta daban da takardarta daban. A takardar za a rubuta launi, irin ƙasa, kauri, zurfi daga turken awo, me ke samanta, me ke ƙarƙashinta, me ta yanka, me ya yanke ta. A zana ta daga sama a ma'aunin 1:20, fuskar bango kuma a 1:10. Kowane hoto da sandar awo, da kibiya mai nuna arewa, da allo mai lambar wurin. Duk bokitin da ya fita ya bi ta rariya, kuma mai rariya ya san lambar shimfiɗar da yake tacewa. Lamba biyu ga kowace leda, ɗaya a ciki ɗaya a waje. Da yamma a ɗauki hoton duk takardun ranar a tura wani wuri. Littafi ɗaya a jaka ɗaya ganganci ne.

Abubuwa uku za su yi ƙoƙarin yaudararka. Na farko gara da ɓeraye da gafiya, masu kai kayan sama ƙasa, su kawo na ƙasa sama. Ramukansu ma a ba su lamba, a ware abin da ya fito ciki. Na biyu ramin ɓarayi: alamarsa lotsawa a ƙololuwa da ƙasa sako-sako mai gauraye. A kwashe shi tukuna shi kaɗai. Na uku kaburburan da aka shigar a jikin tudun daga baya, wataƙila bayan ɗaruruwan shekaru. Gawar farko da ka gani ba lalle ita ce mai tudun ba.

Abin da kake nema a ƙasa shi ne tsohuwar fuskar ƙasa, wadda aka tara tudun a kanta. Takan fito a bango kamar zare mai duhu a miƙe. Duk abin da ke kanta ko cikinta yana da daraja, don shi ke faɗin lokacin da aka yi ginin.

Gargaɗi: da rami ya wuce mita 1.2, a yi masa matakala ko a tokare bangon da katako. Ba mai zama a bakin rami, ba mai tafiya kan bangon shaida. A duba kunama da maciji kowace safiya kafin a ɗaga tamfol da hannu.

7. Kabarin da mai shi

Ramin kabari yakan bayyana a matsayin tabo mai wani launi a tsohuwar fuskar ƙasa. Zana shi, ɗauki hoto, sannan ka zana bangon shaidar da ya ratsa kansa kafin ka rushe shi. Kafa rumfa, ka kewaye wurin da zana. Mutum biyu kawai a ciki, a kan katakon da aka gitta, da safar hannu da takunkumi. Ba hoton waya don Facebook ko TikTok. Mamaci mamaci ne ko wane addini ya bi, kuma mun san hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye.

Ƙarfe ba ya taɓa ƙashi. Da tsinken gora da burushi ake aiki, a fara daga kai a gangara, a bar kowane ƙashi da kowane dutsen wuya a inda yake har sai duka sun bayyana. Hannaye da ƙafafu a ƙarshe, don ƙananan ƙasusuwansu saurin watsewa gare su. A rubuta yadda aka kwantar da shi: a miƙe, a naɗe ko a zaune, ina kai ya nufa, ina fuska ta kalla, ina hannaye suke. Kula da tabon baƙi ko ruwan ƙasa a kewaye; yana iya zama ragowar itace, tabarma, fata ko tufa. Kusa da tagulla musamman, tsatsarta kan hana zare ruɓewa, don haka kada a goge kore-koren da ke jikinta.

Bayan zane da hoto sai ɗagawa, ƙashi ɗaya-ɗaya, dama daban hagu daban. A bar shi ya sha iska a inuwa, a sa a ambulan na takarda. Leda na tara gumi, gumi na kawo fumfuna. Kada a wanke haƙora ko a kankare dattin jikinsu, kada a zuba wa ƙashi gam, kada a zazzage ƙasar cikin ƙoƙon kai ko ta cikin tukunya. Duk ƙasar kabarin ta bi ta ƙaramar rariya. Yi ƙoƙari kabarin da aka buɗe kada ya wuce kwana biyu a buɗe, kuma a ninka gadi a daren. Da labarin "an ga zinari" ya fita, ko da ƙarya ne, ba ka da sauran barci.

8. Samfuran gwaji

Gwajin kabon, wato gwajin gano shekaru, yana aiki ne a kan abin da ya taɓa rayuwa: gawayi, ƙashi, ƙwayar hatsi, fata. Ɗauki gawayi da bakin cokali mai tsabta, naɗe shi a takardar alminiyam, sa a leda, rubuta shimfiɗa da zurfi. Ƙonanniyar ƙwayar gero ko ɗan reshe ta fi gungumen itace, don itacen na iya girmar kabarin da shekaru masu yawa. Samfur ɗaya ba ya kafa hujja. Nemi daga tsohuwar fuskar ƙasa, daga kabarin, da daga jikin tudun. Ɗebi ƙasa daga wajen cikin mamacin da ƙarƙashin kansa. Haƙori da ƙashin bayan kunne su ake so don gwajin ƙwayoyin halitta.

Gargaɗi: ba shan taba kusa da rami, ba ƙona shara. Kuma fitar da kowane samfur waje yana buƙatar takardar izinin NCMM ta daban.

9. Abin da ya fi ƙarfin fili

Wani lokaci kayan sun cakuɗe sun yi laushi har taɓa su ɓarna ne. Sai a ɗaga su da ƙasarsu dunƙule guda: a haƙa kewaye, a rufe da leda mai laushi, a naɗe da bandejin filasta irin na ɗorin karaya, a zura faranti na ƙarfe ta ƙarƙashi, a rubuta arewa da lamba a jiki.

Durbi Takusheyi ya koyar da darasi biyu a nan. A 1907 H. R. Palmer, Baturen mulkin mallaka, ya tona wasu daga cikin tuddan a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Kayan sun salwanta, bayanin da ya rage ɗan kaɗan ne. A 1992 aka tona wasu uku, aka ɗaga cikinsu dunƙule-dunƙule. Da aka buɗe su a ɗakin gyara a birnin Mainz na Jamus, sai ga 'yan kunne na zinari, awarwaron hauren giwa, wuri, duwatsun ado, ragowar tufa, da tasar ƙarfe da ta fito daga Gabas ta Tsakiya, abin da ya nuna cinikin ƙasar Hausa da nesa tun wajen ƙarni na 14 zuwa na 16. Da shebur aka bi su, da rabin wannan bai kai ga idon kowa ba. Sai dai dunƙulen sun yi shekaru suna jira a ajiye kafin a kai su gyara a 2007, kayan kuma suka dawo Nijeriya a 2014. Saboda haka kafin ka naɗe dunƙule, san ɗakin da za a buɗe shi da wanda zai biya.

Ƙarfe da tagulla a ajiye su a bushe, cikin roba mai murfi da ƙwayoyin silika masu tsotse laima. Hauren giwa kuma kada ya bushe da sauri, rabewa yake.

10. Cike rami da rubuta rahoto

Sauka har ƙasar asali wadda hannun mutum bai taɓa ba, ka ɗan ƙara kaɗan don tabbatarwa. Zana sauran bangaye. Shimfiɗa buhuna ko leda a ƙasan ramin da jikin ɓangaren da ba a tona ba, don na gaba ya san inda ka tsaya. A mayar da ƙasa, a daddaɓe, a tayar da tudun kusa da siffarsa bisa taswirar mataki na 4. Ramin da aka bari a buɗe, damina ɗaya zai zama kududdufi, kuma yara na wasa a wurin.

A gida za a wanke tsingaro da ruwa da burushi mai laushi, ban da mai baƙin girki a ciki, a shanya a inuwa, a sa lamba, a zana bakunan tukwane da adonsu. Masanin ƙashi zai faɗi jinsi, kimanin shekaru da alamun cuta. A jera lambobin shimfiɗu daga ta farko zuwa ta ƙarshe, a ɗora sakamakon gwaji a kansu.

Kayan ba naka ba ne, ba kuma na mai gona ba ne ya kai kasuwa. Ana miƙa su ga NCMM da cikakken jeri, a karɓi takardar shaida. Rahoton farko ya fita cikin 'yan watanni, tun kafin sakamakon gwaji ya dawo in ta kama: kwafi ga NCMM, kwafi ga Hukumar Tarihi da Al'adu, kwafi ga jami'ar da ta jagoranta tare da ainihin takardun fili, zane da hotuna. A yi kuma taƙaitaccen bayani da Hausa, shafi biyu ko uku da hotuna, a kai wa hakimi da dagaci da makarantar garin, a karanta shi a gaban waɗanda suka sa hannu a yarjejeniyar mataki na 2, a kuma sa ranar da za a zartar da abin da aka yanke game da ƙasusuwan.